Yadda Za Ka Hana Kajinka Ficewa Daga Akurki

Da farko, tsaya ka lura da inda suke bi. Sau da yawa ta ƙasa suke sulalewa, ba ta sama ba.

1. Binne gindin wayar kamar santimita 30, ka danne da duwatsu.

2. Janye turmi, bokiti ko itace daga jikin shinge, don a kansu suke hawa su tsallake.

3. Kajin gida sun iya tashi. Da daddare, rage dogayen gashin fiffike ɗaya kawai da almakashi. Idan ka yanke biyun, za ta iya daidaita tashinta. Kada ka taɓa sabon gashi mai jini, yana yi mata ciwo. In gashin ya sake fitowa, ka maimaita.

4. Sabuwar kaza kuwa, kulle ta mako guda, kana zuba mata dusa a ciki.