Yadda Ake Ƙirƙirar Tagar Bayanai da Tace Ta Domin Rahoton Wata

Masu koyon aikin rumbun bayanai a Sakkwato ba kasafai suke samun matsala da rubuta umarnin CREATE VIEW ba. Inda suke tuntuɓe shi ne wurin tacewa, domin rahoto yakan fito tsaf, ba tare da saƙon kuskure ko ɗaya ba, alhali lissafin da ke cikinsa bai cika ba. A ɗauka kana yi wa wani mai rarraba takin zamani aiki, yana da rassa a Wamakko da Illela da Tambuwal, kuma kana da tebur biyu: ciniki, mai ginshiƙan reshe da rana da kudi da matsayi, sai kuma rassa, mai lamba da suna.

Da farko ka riƙe cewa taga, wato VIEW, ba ta ajiye bayanai. Umarnin da ka rubuta kaɗai take ajiyewa, kuma duk lokacin da aka buɗe ta sai ta koma teburin asali ta ɗebo abin da ke wurin a wannan lokacin. Manhajar rumbun bayanai ta MySQL ta fara karɓar tagogi ne daga siga ta 5.0 a shekarar 2005, saboda haka kowace sigar da za ka samu yanzu ta wadatar, kuma ita da takwararta PostgreSQL duk kyauta ne.

Ka rubuta sunayen ginshiƙan da rahoto ke buƙata ɗaya bayan ɗaya, kada ka yi amfani da tauraro, wato alamar * mai ɗebo duka ginshiƙai. A duka manhajojin biyu, jerin ginshiƙan yana tsayawa ne a kan yadda yake ranar da aka ƙirƙiri tagar, don haka wanda aka ƙara daga baya ba zai shigo ba, komai alamar da ka sa.

CREATE VIEW ciniki_sahihi AS
SELECT reshe, rana, kudi FROM ciniki
WHERE COALESCE(matsayi, '') <> 'soke';

A kula da layi na uku sosai. Mai koyo yakan rubuta matsayi <> 'soke' kawai, yana nufin a fitar da cinikin da aka soke. To amma idan magatakardan reshen Illela bai cike gurbin matsayi ba, abin da ke wurin NULL ne, kuma duk kwatancen da aka yi da NULL ba ya ba da eh ko a'a, sai WHERE ta watsar da layin. Buhunan da aka sayar aka karɓi kuɗinsu sai su ɓace daga rahoto, maigida ya fara zargin yaran shago. COALESCE ce ke mayar da gurbin da ba a cike ba zuwa rubutu marar komai, yadda kwatancen zai yiwu.

Kada ka sa kwanan wata a cikin taga, in ba haka ba kowane ƙarshen wata sai ka sake gina ta. Wurinsa shi ne umarnin da ke ciro rahoto, kuma a nan ma akwai tarko. Idan ginshiƙin rana yana ɗauke da awa da minti, BETWEEN '2024-03-01' AND '2024-03-31' zai tsaya ne da ƙarfe goma sha biyun daren da ya shigo da 31 ga wata, sai cinikin wannan yini gaba ɗaya ya zube. Ni ban yarda da BETWEEN a rahoto ba sam. A ce daga 1 ga Maris zuwa ƙasa da 1 ga Afrilu.

SELECT r.suna, COALESCE(SUM(c.kudi), 0)
FROM rassa r
LEFT JOIN ciniki_sahihi c ON c.reshe = r.lamba
AND c.rana >= '2024-03-01' AND c.rana < '2024-04-01'
GROUP BY r.suna;

Da gangan aka ajiye sharaɗin rana a bayan ON. Da an kai shi WHERE, reshen da bai yi ciniki a watan ba zai fita daga jerin baki ɗaya, alhali shi ne maigida ya fi son ya gani da sifili a gabansa. Idan kuma ana son rassan da jimillarsu ta haura wani adadi ne kaɗai, HAVING ake sawa bayan GROUP BY.

Kafin ka miƙa rahoton, ka ɗauki reshe guda ka gwada jimillarsa da littafin shago. In sun yi daidai, ka ba akawu izinin karanta tagar kaɗai da GRANT SELECT, ya haɗa ta da Excel ko Power BI, ba tare da ya taɓa teburin asali ba. Gyara daga baya da CREATE OR REPLACE VIEW ake yi. Idan tagar ta fara nauyi, ka sa fihirisa, wato INDEX, a ginshiƙin rana na teburin ciniki tukuna, kafin ka yi tunanin MATERIALIZED VIEW, wato taga mai ajiye sakamakonta, da PostgreSQL ya kawo a siga ta 9.3 a 2013, domin ita sai an riƙa sabunta ta da REFRESH, kuma MySQL ba shi da ita.