Kurakuran da shugabannin ɗalibai ke yi wajen dashen itatuwa a makaranta

Makarantun sakandare da dama a Arewa suna dasa itatuwa duk shekara, ƙarƙashin jagorancin firifet ko ƙungiyar kare muhalli ta ɗalibai. Amma in ka zagaya bayan azuzuwa a watan Afrilu, ramuka za ka tarar da 'yan tsinke a bushe. Himmar yaran ba ta da laifi, tsarin ne ke da gyara.

Kuskuren farko shi ne mayar da dashe biki. A gayyato shugaban makaranta, a ɗauki hoto ranar 5 ga Yuni don Ranar Muhalli ta Duniya, a watse. A Sakkwato, Katsina ko Yobe, sau da yawa damina ba ta zauna ba a lokacin. A yi jawabi da shara ran nan, a bar dashen sai ƙasa ta jiƙu sosai cikin Yuli. A Nijar ma sai 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ake dashen itatuwa na ƙasa. Sai dai nan ne dogon hutu ke shigowa, makaranta ta zama wajen kiwon awakin unguwa. Don haka kada a sa dashe a rami sai an tanadi abin kewaye shi, ƙaya ce ko fasassun bulo, kuma a je a gaida maigadi da ladabi: "Baba, ga amanarmu nan, a taimaka a sa mana ido."

Sai son yawa. Ana karɓo dashe ɗari biyu alhali famfo ɗaya ne a makarantar, shi ma layi ake yi kafin a samu na wanka. Daga Nuwamba zuwa Mayu babu ruwan sama, wa zai shayar da su? A ganina ashirin da aka san mai kula da kowanne sun fi. Kuma akwai ruwan da ake zubarwa kullum ba a lura: na alwala. A ja 'yar kwata daga bakin masallaci zuwa gindin itatuwan. Waɗanda ke nesa, a huda gindin gorar roba da allura, a binne ta kusa da saiwa, a riƙa cika ta, tana tsatsa a hankali. A baza busasshiyar ciyawa a gindi don laima ta daɗe, a barbaɗa toka saboda gara.

Wajen zaɓen iri ma ana tafka kuskure. Mangwaro da gwaiba na son ruwa, turare kuwa shanye na ƙasa yake yi. Darbejiya, zogale, kurna, magarya da aduwa sun san yanayinmu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ranar aikin gayya, lokacin da ake sa yara su sare duk wani toho da sunan gyaran fili. Cikin abin da ake sarewa akwai kututtukan gawo da kalgo masu tsohuwar saiwa a ƙasa, waɗanda ba sa bukatar ban ruwa. Manoman Maraɗi sun gane haka tun shekarun 1980 tare da Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya: a zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga dabbobi. Sassaben zamani suke ce wa wannan salon, kuma da shi aka farfaɗo da itatuwa a miliyoyin kadada a Nijar. Firifet ya zagaya filin kafin a fara sara, ya ɗaura ƙyalle a jikin waɗanda za a bari.

Akwai kuma sa ban ruwa da tsintar leda a matsayin horo ga wanda ya makara. Yaron da ya ɗauki bokiti yana kuka, siniya na tsaye da bulala, ba zai taɓa son bishiyar nan ba. Shugaba ya fara ɗaukar bokitin da kansa, a raba wa kowane aji itatuwansa, a rubuta sunan ajin a ɗan allo.

Ledar da aka tara kuwa a daina cinna mata wuta kusa da azuzuwa, hayaƙinta na cutar da ƙirji, musamman ga masu asma. Ledar ruwan sha tana yin renon iri: a yanke bakinta, a huda gindi, a cika da ƙasa da taki. Gorunan roba 'yan jari-bola na saye. Ganye da ragowar abinci su tafi ramin taki.

Wanda ya fi kashe aikin shi ne barin komai a hannun 'yan SS3. Jarrabawar WAEC tana kama su daidai tsakiyar bazara, lokacin da dashe ya fi bukatar ruwa, daga nan sai NECO, sai tafiya gida. Tun zangon farko kowane firifet ya ɗauki mataimaki daga SS1 ko JSS3. A buɗe littafi guda a hannun malamin da ke kula da ƙungiyar, a rubuta irin bishiya, ranar dasa ta da ajin da ke riƙe da ita. A watan Mayu, kafin saukar ruwan farko, a fita da littafin a ƙirga waɗanda suka rayu, wannan adadin ne za a karanta a asambili ranar miƙa mulki ga sababbin shugabanni.