Kurakuran da masu koyon sassaƙa kan mutum a kwamfuta suka fi yi

Kawunan da samarinmu ke sassaƙawa a manhajar Blender ko ta Nomad Sculpt, daga Gezawa har Ringim, kusan duk ciwonsu ɗaya ne: fuska ta cinye kai. Ido ya haura kusa da gaban goshi, ƙeya ta shafe, babu wurin da ƙwaƙwalwa za ta zauna. Idon babban mutum a tsakiyar kai yake. Ka auna daga tsakar kai zuwa ƙarshen haɓa, ka raba biyu, nan layin ido yake, ko da zuciyarka ta ce ya yi ƙasa.

A wajenmu akwai abin da ke ƙara wa wannan kuskure ƙarfi. Maza kullum da hula, mata da kallabi ko hijabi, saboda haka yaro ya tashi bai taɓa ƙare wa ƙoƙon kai kallo ba. Maganin da na fi yarda da shi ba na kuɗi ba ne. Ranar kasuwa ka zauna kusa da wanzami, ka kalli kan da aka aske tas ta gefe. Za ka ga yadda ƙeya ta turo baya sosai, ta wuce wuya. Kan babban namiji tsayinsa wajen santimita 22 zuwa 23 ne, daga goshi zuwa ƙeya wajen 19 zuwa 20, faɗinsa kuwa wajen 15 kawai. Wato kai ba ƙwallo ba ne, gefensa biyu a matse suke. A Blender ka danna 3 a madannin lambobi ka duba aikinka ta gefe, sannan 7 ka dube shi ta sama. Kunne yana ɗan bayan tsakiya, tsayinsa daga gira zuwa ƙasan hanci. Idan kunnen da ka yi ya kusa da ƙeya, ba kunnen ne ya yi baya ba, ƙeyar ce ba ta isa ba. Ka ja ta da burushin Grab.

Na biyun kuwa shi ne yake ba ni haushi. Mutum bai gama tsayar da muƙamuƙi ba, ya kai foligon miliyan uku, wato ƙananan ɓangarorin da suka haɗu suka yi ragar jikin aikin, yana zana gashin gira da tattarar fata. Haba ɗan'uwa! Wa ya taɓa yin yaɓe kafin a ɗora tubali? Da zarar raga ta cika yawa, duk abin da ka ja sai ya yi kumburi-kumburi, kuma ba za ka yarda ka gyara tsarin ba saboda kana jin zafin ƙawar da ka riga ka yi. Ga shi kwamfutar taka mai RAM gigabait 4 ce, tana sandarewa, caji na ƙarewa, wuta kuma sai ta ga dama. Idan da ƙwallon farko na Blender ka fara, ka bar Voxel Size, ma'aunin girman idon raga, a 0.1 (ƙaramar lamba ita ke ƙara yawan foligon), ka yi aiki da burushin Grab da na Clay Strips kaɗai har sai an gane ƙoƙon kai, gurbin ido, ƙashin kunci da muƙamuƙi. Sannan ka sauko 0.05, ka danna Ctrl da R don yin Remesh, wato sake saƙa ragar. Kada ka taɓa 0.02 sai hanci da baki sun zauna. Ni ƙa'idata, in na ƙanƙantar da kai a allo kamar girman babban yatsa bai yi kama da mutum ba, ba na ƙara foligon ko ɗaya. Wasu sun fi son Dyntopo, mai ƙara foligon duk inda burushi ya taɓa, amma a hannun ɗan koyo ƙofar gaggawa yake buɗewa.

Ido ba zane ba ne a kan fata. Ka sa ƙwallo daban a cikin gurbi, ka lulluɓe shi da fatar ido mai kauri. Faɗin ƙwayar ido ta gaske wajen milimita 24 ne, kusan ɗaya bisa tara na tsayin kai, amma 'yan koyo kan ninka ta. Tsakanin idanu biyu faɗin ido ɗaya ne, kuma fatar sama tana rufe ɗan saman baƙin ido, in ba haka ba mutumin naka zai fito a firgice.

Hoton da kake kwaikwaya ma yana iya yaudararka. Wanda aka ɗauka da kyamarar gaba ta waya a tsawon hannu yana kumbura hanci, ya ɓoye kunnuwa. Ka nemi izinin mai fuskar, ka ja baya mita biyu zuwa uku, ka ɗauki gaba, gefe da karkace. A Blender ka danna N, ka shiga View, ka ɗaga Focal Length, wato tsawon ruwan tabarau na kyamarar kallo, daga 50 zuwa wajen 85.

Rabon fuska gida uku, daga matsayar gashi zuwa gira, gira zuwa ƙasan hanci, hanci zuwa haɓa, mafari ne kawai. Darussan YouTube galibi da fuskar Bature ake yinsu, inda ake cewa faɗin hanci daidai yake da tsakanin idanu. A fuskokinmu sau da yawa hanci ya fi haka faɗi, leɓɓa sun fi cika, baki ya ɗan turo gaba. Bafulatanin da ka gani a kasuwar Wudil da maƙwabcinka ma ba hanci ɗaya gare su ba. Abin da idonka ya auna a jikin mutum shi za ka bi.

Sauran ƙanana ne. Baki yana lanƙwasa ne a kan haƙora, ba shafe yake ba. Wuya ya karkata gaba, ba a tsaye ƙyam yake ba, kuma jijiyar nan mai kauri daga bayan kunne take saukowa zuwa saman ƙirji. Yawan riƙe Shift don sulɓe aiki yana narkar da ƙashi. Madubin X, mai kwaikwayar abin da ka yi a ɓari ɗaya zuwa ɗaya ɓarin, ka bar shi a kunne har kusan ƙarshe, sannan ka kashe ka ɗan karkata hanci ko gira ɗaya. Zanen aska da gemu su ne na ƙarshe. Kafin kowane Remesh ka adana aikin da sabuwar lamba, don yakan haɗe leɓen sama da na ƙasa, ya kuma liƙe fatar ido idan tazarar ta yi kaɗan.