Kurakuran da aka fi yi idan yaro ya ƙi ba da haɗin kai wajen horon magana

Ƙorafin da aka fi ji daga iyayen da ke kai ƙananan yara wurin ƙwararrun gyaran magana a Legas shi ne cewa yaro ya ƙi ba da haɗin kai. An biya kuɗin zama, an baro Agege ko Alaba Rago tun da sassafe, amma da an shiga ɗaki sai ɗan shekara uku ya maƙale a jikin uwarsa, ko ya shige ƙarƙashin tebur, ko ya watsar da katunan hotuna ya kwanta yana birgima. Nan take sai a ce taurin kai ne. Sai dai yaron da aka kawo saboda magana ta yi masa wuya ba shi da bakin da zai ce ya gaji, ko yana jin tsoro, ko bai gane abin da ake nema ba, don haka da jikinsa yake faɗa, kuma akasarin gyaran yana hannun manya.

Kuskuren farko tun a hanya ake yinsa. Yaron da aka tasa daga barci, aka cusa a danfo cikin zafi da cunkoson motoci, sannan ya zauna a layi ba tare da ya karya kumallo ba, ya riga ya ƙarar da haƙurinsa kafin a kira sunansa. Ya kamata a nemi lokacin da bai ci karo da barcinsa na rana ba, a ciyar da shi, a kai shi bayan gida, a kuma iso da ɗan sauran lokaci domin ya miƙe ƙafa.

Mafi muni shi ne tsoratarwa. A gidajenmu an saba cewa yaro “in ba ka yi shiru ba likita zai yi maka allura”, sai ga shi yau an kawo shi asibiti ana so ya saki jiki da wata baƙuwa. Wasu iyayen kuma, saboda kunyar idon malamar da ke horon, sukan harare shi, su mintsine shi a ɓoye, ko su daka masa tsawa su ce “buɗe baki ka yi magana mana”. Tsoro yakan sa yaro ya zauna cik, amma ba ya sa shi magana, ga mai in'ina kuwa matsin lamba ƙara sarƙe masa harshe yake yi. Tun daga gida a gaya masa gaskiya a taƙaice: za mu je wurin malama mu yi wasa, babu allura, ina nan tare da kai. Haka kuma bai dace ƙwararriyar ta fitar da uwa daga ɗaki tun a zaman farko ba. A bar shi a cinyar uwarsa, ko da zaman zai ƙare bai ce uffan ba, domin sabo shi ne aikin ranar. A nan akwai abin da wanda ba Bahaushe ba kan yi wa mummunar fahimta, wato tarbiyyar kunya. Yaron da aka koya wa sunkuyar da kai a gaban babba ba lallai ne ya kalli malama cikin ido ba, kuma ya kamata iyaye su bayyana hakan, su kuma faɗi gaskiya kan ko yana haɗa ido da su da 'yan'uwansa a gida.

Batun harshe ma yana jawo rikici a Legas fiye da yadda ake zato. Yaro yana jin Hausa a gida, Yarbanci da Turancin buroka a unguwa, Turanci a makaranta, kuma yawancin ƙwararrun da za a samu a nan ba sa jin Hausa. Idan aka umarci ɗan shekara biyu da rabi da harshen da bai saba da shi ba ya yi biris, ba a auna komai ba sai baƙuntar harshen. Daga nan sai wani ya ba da shawarar a daina yi masa Hausa gaba ɗaya, shawarar da ba ta da tushe, domin tasowa da harsuna biyu ko uku ba ya haddasa jinkirin magana. Uwar da aka tilasta wa Turancin da ba ta saki jiki da shi ba rage hira da ɗanta kawai za ta yi. Abin da ya fi shi ne uwa ta zama tafinta a zaman, ta rubuto kalmomin da yaron ke furtawa a kowane harshe a haɗa su a ƙirga tare, ta kuma zo da kayan da ya sani, kamar kofinsa, cokali, 'yar buta da takalminsa, maimakon hotunan abubuwan da bai taɓa gani ba.

Sai kuskuren da kusan kowa ke yi da kyakkyawar niyya, wato mayar da zaman jarrabawa. “Mene ne wannan? Ce mota. Ce mo-ta. Wane launi ne?” Tambaya kan tambaya, kowace kuma tana nuna wa yaron abin da ya kasa, har ya gane cewa mafitarsa ita ce gudu. Cibiyar Hanen ta ƙasar Kanada ta daɗe tana koya wa iyaye akasin haka: a lura da abin da ya ɗauki hankalin yaro, a jira, a saurara. Idan ya bar katuna ya koma tura murfin kwano a ƙasa, malama ta sauko daga kujera ta zauna daidai tsayinsa, ta ɗauki nata murfin ta tura, uwa ta ce “tura”, ya faɗi ta ce “ya faɗi”. Sannan a riƙe murfin a yi shiru ana kallonsa, a ƙirga ɗaya zuwa goma a zuci. Wannan shirun ne ya fi yi wa manya wuya, musamman idan akwai yaya ko kaka da ta saba amsawa a madadinsa. In ya miƙo hannu, ko ya ce “u”, an samu abin da ake nema a wannan mataki, a ba shi nan take a maimaita kalmar daidai, ba tare da an ce “ba haka ake faɗa ba”. Yaron da ya ƙi komai kuma a ba shi zaɓi tsakanin abu biyu da yake gani, ƙwallo ko mota, domin wanda ya zaɓa da kansa ba ya yawan yin gardama a kan abin da ya zaɓa. Zaman minti talatin ko arba'in a kujera guda ya fi ƙarfin ɗan wannan shekaru, gara a yanka shi gajere-gajere, a sa tsalle da hura kumfar sabulu a tsakani, a kuma sanar da shi kafin a canza wasa: “saura ɗaya mu ajiye”.

Idan rigima ta ɓarke, iyaye kan yi ɗaya daga cikin biyu, ko su miƙa masa waya da alewa, ko su ce “Malama, a bar shi haka, sai wani makon”. Duka biyun darasi ɗaya suke koyarwa, cewa ihu yana kawo lada, kuma mako mai zuwa zai fara ihun tun daga bakin ƙofa. Ya fi kyau a kawar da abin da zai ji masa rauni, a rage surutu, a jira ya huce, sannan a nemi wani abu mai sauƙi da aka tabbatar zai iya, kamar jefa ƙwallo a kwando, a yaba masa a rufe zaman a kan haka. Lada yana da wurinsa, amma bayan aiki: “fara sa wannan a akwati, sannan mu hura kumfa”. Game da waya, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ita ce kada a zaunar da 'yan ƙasa da shekara 2 gaban allon waya ko talabijin, 'yan shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana.

Akwai kuma yaran da ake ta fama da halinsu alhali matsalar a jiki take. Ruwa da ke taruwa a bayan dodon kunne bayan mura yakan toshe ji ba tare da ciwo ba, sai a ce yaro “ba ya ji” ana nufin rashin biyayya, alhali da gaske bai ji ba. Kada a yi nisa da horon magana ba a gwada jinsa ba, kuma asibitocin koyarwa na LUTH a Idi-Araba da LASUTH a Ikeja suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Yaron da ke toshe kunne idan janareto ya tashi, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ba ya nuna abu da yatsa, ko yake ruɗewa da an sauya masa tsari, yana bukatar likitan yara ya duba ko akwai galahanga, wato lalurar da ke shafar mu'amala da mutane, wadda ake kira “autism” da Turanci, domin irin wannan yaron yana bukatar ɗaki mara hayaniya da jadawalin hotuna da ke nuna masa abin da zai biyo baya. Iyaye kuma suna da haƙƙin tambayar ko mai horon yana da rajista da MRTB, hukumar da ke ba wa masu wannan aiki lasisi a Najeriya, su kuma bukaci a nuna musu wasa ɗaya ko biyu da za su riƙa maimaitawa a gida lokacin wanka da cin abinci kafin zama na gaba.