Babi na Bakwai: Neman Mai Maganin Gargajiya Na Ƙwarai

Wannan babi na 'yan aji biyu ne, waɗanda suka iya rubuta sunansu kuma suka san lambobi. Kowa ya ɗauko littafinsa da fensir. Ku buɗe sabon shafi, ku rubuta LAFIYA a can sama da manyan baƙaƙe. Shafin nan shi za mu yi ta cikawa har babin ya ƙare. Wanda hannunsa bai saba ba ya bi a hankali, ba tsere muke yi ba.

Darasi na 1: Wa kake nema?

Masu magani iri-iri ne, kowa da fanninsa. Akwai mai saiwa da sassaƙe, wanda ya san sabara da marke da maɗaci da tazargade. Akwai maɗori, aikinsa karaya da targaɗe da gocewar ƙashi. Akwai wanzami mai ƙaho da kaciya. Akwai ungozoma. Akwai masu shagon maganin Musulunci, masu zuma da habbatus sauda da man zaitun da hulba. Mai targaɗe ba shagon zuma zai nufa ba.

A layin farko ka rubuta abin da ke damunka. Kalma ɗaya ma ta isa: basir, ko sanyi, ko ciwon baya. A layi na biyu ka rubuta tun yaushe ya fara: mako 3, wata 2. In ba ka iya rubuta sunan ciwon ba, faɗa wa malamin aji ya rubuta a allo ka kwafa. Babu kunya a nan, dukanmu koyo muka zo.

Akwai larurar da ba a tsayawa neman mai saiwa. Mai ciki ta ga jini ko ta fara jijjiga. Yaro na zazzaɓi har ya suma ko ya kasa shan nono. Saran maciji, cizon kare, karayar da ƙashi ya huda fata. Waɗannan asibiti ake nufa nan take. A cikin Katsina akwai Babban Asibiti, da Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Asibitin Turai Yar'adua na mata da yara. Mutanen Daura su ma suna da nasu a cikin gari. Tarin da ya wuce mako 2 a kai shi gwaji, don yana iya zama tarin fuka. Maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati, ana shan sa wata 6.

Ko ciwon ba na gaggawa ba ne, gwaji tukuna ya fi. Ka san sunan abin da ke jikinka kafin ka nemi mai maganinsa.

Darasi na 2: Tambayar mutane da gwada waya

Ka tambayi mutum 3 waɗanda ba gida ɗaya suke ba. Wanda za ka tambaya shi ne wanda ya sha maganin da bakinsa, ko ya yi jinyar wanda ya sha. "Na ji an ce" ba shaida ba ce. Mai unguwa da limamin masallacinku sun san wanda ya daɗe yana sana'ar a unguwa. In wanzami kake nema, Sarkin Aska ya san 'yan sana'arsa.

Ka nemi mai mazauni, wato mai gida ko shago da za ka koma ka same shi. Mai mota da lasifika da ke bin kasuwanni, yau Mai'adua, wani makon Charanci, yana cewa kwalba ɗaya na maganin basir da shawara da suga da rashin haihuwa, in maganin ya ɓata maka ciki ina za ka gan shi? Ni dai ban yarda da kwalbar da ke maganin komai ba.

Masu maganin gargajiya suna da ƙungiya ta ƙasa, ana rubuta sunanta a taƙaice NANTMP. Kana iya cewa mai maganin ya nuna maka katinsa na ƙungiyar. Kati bai nuna ƙwarewa ba, amfaninsa shi ne kana da inda za ka kai kuka.

Yanzu lambar wayar mai maganin. Lambar waya a Najeriya guda 11 ce, tana farawa da sifiri. Ka rubuta ta a layi na uku, ka ɗora yatsa ka ƙirga. In ka sami 10, ɗaya ta faɗi, sake tambaya. Sa'an nan ka sa kati ka kira. Kira na ce, ba filashin ba. Ka lura: ya ɗauka? In bai ɗauka ba, ya biyo kiran kafin dare? Da ya ɗauka, ya tambaye ka yadda ciwon yake, da shekarunka, da ko kana shan wani magani? In mace ce, ya tambayi ko akwai ciki ko shayarwa? Wanda bai tambayi komai ba sai "turo kuɗi" ka ja layi a kan lambarsa. Mutumin da bai saurare ka ba tun kuɗinka na aljihunka, ba ranar da ka biya zai fara ba.

Darasi na 3: Gaba ɗaya nawa ne?

Nan ne ɗalibai suka fi faɗuwa, don haka nan za mu daɗe. Ku gyara zama.

Tambayar kalma huɗu ce. Ku karanta da ƙarfi:

Gaba ɗaya nawa ne?

Ku sake. Yanzu ku rubuta ta a layi na huɗu. Gaba. Ɗaya. Nawa. Ne. Ku lura da ƙugiyar da ke kan Ɗ. Madalla.

Yaushe ake yin ta? Kafin a ƙulle magani a leda. Kafin ka sha ko kurɓi ɗaya. Kafin maɗori ya taɓa ƙafar. Da zarar magani ya shiga hannunka, bakinka ya mutu, abin da aka faɗa shi za ka biya.

Me ya sa muke cewa "gaba ɗaya"? Domin kuɗin magani yakan zo kashi-kashi. Yau a ce kuɗin gani. Gobe a ce kuɗin shiga daji neman saiwa. In wajen malami ne, akwai kafin alƙalami. Bayan mako a ce wancan na share ciki ne, yanzu za a fara na gaske. Kowanne shi kaɗai ba ya da yawa, in aka tara su sai ka ga an sayar da tunkiya. Ba duk mai karɓa kashi-kashi ne macuci ba, wani haka ya gaji sana'ar. Kai dai ka san jimla tun farko.

Ga yadda ake yi. Mutum biyu su tashi, ɗaya ya zama mai magani.

"Salamu alaikum. Baba, barka da hutawa."
"Wa alaikumus salam. Yaya mai jiki?"
"Da sauƙi. Baba, kafin a haɗa, gaba ɗaya nawa ne?"
"Haba ɗana, a fara dai, kuɗi ba matsala ba ne."
"Allah ya ƙara girma, Baba. So nake in san abin da zan tanada, kada in fara in kasa ƙarasawa. Daga yau har a gama, nawa ne?"
"To, ka kawo dubu shida."
"Dubu shida har ƙarshe, ko na wannan makon?"
"Har ƙarshe."
"In bai karɓe ni ba fa, Baba?"
"Ka dawo in sauya maka, ba ƙari."
"Na gode. Bari in rubuta."

Kun ga ya yi rashin ladabi? Bai yi ba. Ya gaishe da dattijo, ya yi masa addu'a, ya kuma tambaya har sau uku. Mata, ku ma haka za ku ce wa ungozoma ko mai maganin mata: "Inna, gaba ɗaya nawa ne?" In maigida ne zai biya, ki rubuta ki kai masa a rubuce.

Yanzu rubuta kuɗin. Sifiri ne ke kayar da mutane. Ku duba:

600 ɗari shida, sifiri biyu
6,000 dubu shida, sifiri uku
60,000 dubu sittin, sifiri huɗu

Ku ɗora yatsa a kan kowane sifiri ku ƙirga da baki. Kada ku ƙirga da ido, ido na ruɗi. Wanda ya rubuta 600 alhali dubu shida aka ce masa, rigima zai yi da bawan Allah a banza. Wanda ya danna 60,000 a waya a maimakon 6,000, ya san yadda kwana zai yi masa tsawo. In ka gama rubutawa, ka karanta wa mai maganin abin da ka rubuta: "Baba, na rubuta dubu shida, har ƙarshe." Ya ce e. Ka sa kwanan wata a gefe. In da wanda ya rako ka, ya ji da kunnensa.

Mu sake daga farko. Ka yi sallama. Ka faɗi ciwo. Ka tambaya: gaba ɗaya nawa ne? Ka rubuta. Ka ƙirga sifiri. Ka karanta masa. Sa'an nan ka karɓi magani.

Wani zai ce, "Malam, ai da kunya." Na sha jin wannan, kuma gaskiya ta fara isa ta. Kai da ke yini a kara kana tayin akuya, ka duba haƙoranta, ka tafi ka dawo a kan naira ɗari biyar, yau a kan jikinka ne kunya ta kama ka? Ana koya muku a aji, kuna amsawa baki ɗaya kamar kun riƙe, mako na zagayowa sai wani ya zo yana cewa an cuce shi. In ce ina shafinka, sai in ga fari fat. To me aka zo yi? Littafin nan ba don ya yi kwana a aljihun riga aka raba shi ba.

To, ya wuce. Mu ci gaba.

Akwai dattawan da za su ce, "In ka warke ka kawo abin da ya sawwaƙa." Wannan tsohuwar al'ada ce mai kyau, kuma sau da yawa irinsu ne masu gaskiya. Duk da haka ka ce, "Baba, mutane kamar nawa suke kawowa?" Ka rubuta abin da ya faɗa.

Yaya za ka gane farashi ya yi daidai? Ka tambayi mutum biyu masu sana'a iri ɗaya, ka rubuta kuɗin kowanne, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, sifiri a ƙarƙashin sifiri. In wani ya ce 5,000 wani ya ce 7,000, sun yi kusa. In wani ya ce 50,000, ka tambaye shi dalili. Tsada ba ita ce kyawun magani ba. Kada ka biya duka tun farko in jinyar mai tsawo ce: rabi yanzu, rabi in an ga sauƙi. In ta waya za ka tura ko wajen mai POS, a karanta maka sunan mai asusun kafin a danna, ka karɓi rasit ka ajiye shi a cikin littafinka.

Aiki: rubuta waɗannan da lambobi. Dubu biyu. Dubu ashirin. Ɗari takwas. Dubu goma sha biyar. A ƙarƙashin kowanne ka sake rubuta tambayar nan mai kalma huɗu.

Darasi na 4: Karanta kwalba

Maganin da aka zuba a kwalba ko kwali ana sayarwa ya kamata ya zo da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magunguna. Ku nemi baƙaƙen nan shida: N A F D A C. Lambar maganin gargajiya takan ƙare da harafin L. Ma'anarta an duba ba a ga abin cutarwa ba. Ba shaida ba ce cewa yana warkar da duk abin da aka jera a jikin kwalin.

Sai ku nemi EXP. Abin da ke gabansa shi ne lokacin da magani ke lalacewa. EXP 03/2027 na nufin wata na uku, Maris, shekarar 2027. In lokacin ya wuce, a mayar.

Jiƙo da gari na hannun mai saiwa ba su da lamba. Nan sai ka tambaya: da wane kofi, sau nawa a rana, kwana nawa? Ka rubuta. Mai shan maganin hawan jini ko suga ko ƙanjamau kada ya ajiye na asibiti don ya fara jiƙo, kuma ya gaya wa likita abin da yake sha. Kuɗin kwalbar ma, kun dai san tambayar.

Darasi na 5: Bayan an fara

In ka ga amai ko gudawa da ba ta tsayawa, ko ƙuraje, ko ido ya yi rawaya, ko fitsari ya ragu, ka dakata da sha ka tafi asibiti da ragowar maganin. Ka kira mai maganin ka gaya masa. Na ƙwarai zai ɗauka, shi da kansa zai ce ka je.

Wanda aka yi wa ɗori, a riƙa duba yatsunsa. In sun kumbura, sun yi sanyi ko sun fara baƙi, ɗauri ya yi tsanani, kada a kwana. Wajen wanzami, sabuwar reza, a buɗe ta a gabanka.

Darasi na 6: Bita

Ku karanta shafinku daga sama har ƙasa. Wanda bai cika layi huɗu ba ya cika.

Ranar aji mai zuwa kowa ya zo da kwalba ko kwalin magani daga gida, wanda ya ƙare. A wanke kwalbar tukuna.