Kafin ku sauke wata manhaja

Jama'a, in abu zai yiwu a burauza (manhajar buɗe shafukan intanet, irin su Chrome), ba sai kun sauke manhajarsa ba. Shafin da aka buɗe a Chrome ba ya iya leƙa akwatin saƙonninku, amma manhajar da kuka ba izini tana iya kwashe lambar da banki ya turo. Ku danna ɗigo ukun da ke saman Chrome, ku ɗora shafin a fuskar waya.

Don Allah ku guji fayil ɗin APK (fayil ɗin da ake saka manhaja da shi a wayar Android) da ake turowa ta WhatsApp, musamman mai neman izinin Accessibility (izinin da aka tanada don taimaka wa masu buƙata ta musamman), domin da shi yana ganin allonku, har ya danna maɓalli da kansa. Daga Android 13 aka ƙara tsaurara wannan izinin. Wayar da ta daina samun sabuntawar tsaro kuwa, a cire manhajar banki daga cikinta.