Yadda Ake Haɗa Taswirar Waƙa a osu! Wadda Ba Ta Kauce wa Kiɗa

osu! wasan kwamfuta ne da ake danna ɗigogi daidai da bugun waƙa, kuma tsarin ɗigogin da aka jera wa waƙa shi ake kira taswira. Duk taswirar da kake bugawa a osu! ɗan wasa ne irinka ya zauna ya haɗa ta. Haka abin yake tun 2007 da Dean Herbert, ɗan Ostireliya, ya fito da wasan. Shi ya sa ingancinsu ya sha bamban: wata in kana bugawa sai ka ji kamar kai ne makaɗin, wata kuwa hannunka na gabas kiɗan na yamma. Sabon shiga yakan zaci kyan taswira yana ga yadda aka jera ɗigogi. Galibin waɗanda na ga sun lalace, tun daga saitin lokaci suka lalace, kafin a ajiye ɗigo ko ɗaya.

Sauke wasan da buɗe shafin haɗawa ba sai na tsaya a kansu ba. Kyauta ne, kuma maus ɗin da kake da shi ya isa, kada wani ya sa ka sayen allon zane tun yanzu.

Fara da zaɓen waƙa. Ta farko ta zama wadda aka haɗa kiɗanta a kwamfuta, mai gudu ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma kada ta wuce minti 2. Nemi fayil mai kyau, MP3 tsakanin 128 da 192 kbps, don shi ƙa'idar wasan ta yarda da shi. Waƙar da ta sha yawo daga waya zuwa waya har sautin ganga ya dushe, rabu da ita. Kuma ka tsai da fayil ɗinka tun yanzu. In ka canza shi bayan ka yi nisa, komai zai goce, sai ka sake saiti.

Yanzu danna F3, shafin saitin lokaci ya buɗe. A nan aikin yake.

Lamba biyu kake nema. Ta farko BPM, wato bugu nawa waƙar ke yi a minti ɗaya. Ta biyu ofset, wato milisakan na nawa bugun farko ya faɗo. Kunna waƙar ka riƙa taɓa T daidai da ganga, wasan zai ba ka kimanin lamba. Kimani ne fa, kada ka riƙe shi. In ya ce 119.87, kusan ko da yaushe 120 ne, domin mai haɗa kiɗa a situdiyo cikakkiyar lamba yake sawa. Gyara da hannunka.

Ga dalilin da ya sa nake nacewa. A ce waƙar 120 ce kai kuma ka bar ta a 120.1. A sakan goman farko ba za ka ji komai ba. Amma bayan minti 3 tazarar ta taru ta kai milisakan 150. To a taswira mai OD 8 (OD shi ne ma'aunin tsananin daidaiton lokacin bugu), in ɗan wasa na son cikakken maki 300, milisakan 32 kacal aka ba shi gaba ko baya. Ka ga kenan mutum zai buga daidai da abin da kunnensa ya ji, wasan ya ce ya yi kuskure. Ba zai sake buɗe taswirarka ba, kuma da gaskiyarsa.

Don haka bayan ka sa BPM, rage gudun waƙar zuwa kashi 50, in ya kama 25, ka saurari ƙarar ma'aunin bugu tare da ganga. So ake su haɗe su zama sauti ɗaya. In ka ji "ta-tak", biyu a jere, matsa ofset kaɗan kaɗan har ɗaya ya haɗiye ɗaya. Ganga za ka bi, ba muryar mawaƙi ba, don murya takan riga bugu ko ta makara. Sai ka tsallaka tsakiyar waƙar, sannan ƙarshenta. In farko ya zauna ƙarshe ya goce, BPM ne bai yi ba. In ko'ina gocewar iri ɗaya ce, ofset ne. Wannan bambancin shi sababbi ba sa ganewa, sai su wuni suna juya ofset alhali ciwon ba a nan yake ba. Kuma don Allah a cire abin kunne na Bluetooth, yana jinkirta sauti. Mai waya, ko na ɗan kuɗi kaɗan ne, ya fi shi a wannan aikin.

Mai sha'awar ɗora waƙar gida ya lura da abu biyu. Kiɗan da aka buga da hannu, irin na kalangu ko ganga, ba ya tafiya da gudu ɗaya, makaɗi yana zafafawa yana sassautawa. Jan layi guda, wato alamar da ke ɗauke da BPM da ofset, ba zai riƙe shi ba, sai ka riƙa ƙara sabo da Ctrl+P duk inda ya fara zamewa, wani lokaci bayan kowane bugu huɗu. Na biyu, kiɗanmu da yawa bugunsa uku uku yake rabuwa. In ka ga ɗigogi sun ƙi zama a kan 1/4, wato raba bugu gida huɗu, juya zuwa 1/3 ko 1/6 kafin ka zargi saitinka. Ni dai shawarata a bar irin wannan sai taswira ta uku ko ta huɗu.

Sai jera ɗigogi. Doka ɗaya nake bi: kowane ɗigo ya kasance akwai sautin da za ka nuna ka ce ga shi. Cika wuri da tsalle-tsalle don taurarin da ke nuna wahalar taswira su ƙaru ba gwaninta ba ce. Zaɓi abu ɗaya da kake bi a kowane sashe, ganga ko murya, kada ka riƙa sauyawa a tsakiyar baiti. Sauti mai ja ya samu silaida, wato ɗigon da ake riƙewa ana bin hanyarsa, mai ƙarfi ya samu tazara mai faɗi, inda kiɗa ya lafa kai ma ka lafa. In amshi ya dawo, salon da ka yi masa da farko ya dawo. Kuma ka fara da matakin Normal ko Hard. Abin da ba ka iya bugawa in ka danna F5 don gwaji, kada ka haɗa shi.

Sauran sun fi sauƙi. Sa sautin tafi a inda ƙaramar ganga ke faɗowa, buɗe AiMod, mai binciken kurakurai na wasan, da Ctrl+Shift+A ya zaƙulo maka ɗigogin da ba su hau layi ba, sannan ka ɗora ta a shafin osu!. Nemi waɗanda suka fi ka su duba, ka amsa kowane gyara ko da ba ka yarda da shi ba, ka faɗi dalili. Kafin taswira ta zama Ranked, wato wadda wasan ya amince da ita a hukumance, sai masu tantancewa biyu sun amince da ita, ta kuma yi aƙalla kwana 7 a matakin Qualified ana gwada ta. Wadda aka bari mako 4 ba a taɓa ba, Graveyard, ma'ajiyar taswirorin da aka watsar, ake tura ta, amma da ka sake ɗora gyara za ta fito.